“Je Ka Dawo” da “Babu Shi a Nan”: Tarihin Saƙon da Ya Makale a Hanya

A watan Oktoba na 1854 Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a kan hanyarsa ta dawowa daga Tambutu, ya tarar cewa a wurin mutane da yawa shi mamaci ne. Ya daɗe a yamma, wasiƙunsa ba su ƙetare Sahara a kan lokaci ba, jita-jita kuwa ta cike gurbin da shiru ya bari. Eduard Vogel, wanda gwamnatin Birtaniya ta turo domin ya tallafa masa, ya ji labarin mutuwar yana Kukawa, ya rubuta ya aika Turai, aka yi ta juyayi a can. Guzurin da Barth ya sa ran tararwa bai same shi ba, sai da ya ci bashi a hannun ’yan kasuwar Gadamas mazauna Kano kafin ya iya kama hanyar Borno. A farkon Disamba na wannan shekara suka yi kiciɓis da Vogel a daji kusa da Bundi, wanda aka ce ya mutu da wanda ya ba da labarin mutuwarsa.

Shekaru kusan talatin kafin haka, a 1826, Hugh Clapperton ya iso Sakkwato karo na biyu, ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka daga Ingila zuwa ga Shehun Borno Muhammadu al-Amin el-Kanemi. Lokacin kuwa Borno da Sakkwato suna cikin yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya hana shi wucewa, ya karɓe wasiƙar. Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, bai kai saƙon ba.

Waɗannan labarai biyu sun ƙunshi rabe-raben da duk wata hanyar aika saƙo take tsaye a kai. Akwai saƙon da ya yi jinkiri amma yana tafe, akwai kuma wanda aka rufe wa ƙofa. Maganin na farko haƙuri, maganin na biyu sake shiri. Asara takan zo ne idan aka ɗauki wannan a matsayin wancan: a yanke ƙauna daga abin da ke hanya, ko a zauna jiran abin da ba zai taɓa zuwa ba. Imel ɗin da muke aikawa kullum an gina shi a kan wannan bambanci, kuma yakan faɗa mana da wane iri muka haɗu. Yawancinmu ne ba mu koyi karanta amsar ba.

Zango da mai masauki

Kafin gidan waya, saƙo sallahu ne. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, da ayarin da ke bi ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus, su ne ke ɗaukar takardun mutane tare da kayansu. Tafiyar Kano zuwa Tarabulus watanni take ci, ta Gwanja kuwa, zuwa da dawowa, takan kusanci shekara. Wasiƙa ba ta tafiya kai tsaye daga hannun marubuci zuwa na mai karatu. Takan sauka zango, ta kwana, ta jira wani ayarin, ta canza hannu. Idan ta isa gari aka tarar mai ita ya yi tafiya, mai masauki ne zai ajiye har ya dawo. Idan kuwa aka ce ya ƙaura ko ya rasu, sai madugu ya koma da labari.

’Yan kasuwar nesa sun san hanya ba ta da tabbas, saboda haka suka ƙirƙiro dabarun kare kai. Akan buɗe wasiƙa da ambaton waɗanda suka gabace ta da waɗanda aka karɓa, domin mai karatu ya gane idan wata ta ɓata a tsakani. Magana mai nauyi kuwa akan maimaita ta a wasiƙa ta gaba. Har gobe haka abin yake a tashoshin mota. Wanda ya ba direban Wudil saƙo daga Kano ya san cewa idan aka isa wayar mai karɓa tana kashe, ba a zubar da kayan. ’Yan kamasho ne za su riƙe, a sake kira an jima, a sake kira gobe. Sai an gaji da nema sannan a waiwayi wanda ya aiko.

Gidan waya

Mulkin Ingila ya zo da tsarin da ya mayar da wannan al’ada doka. Bayan cin Kano a 1903 aka ja wayar tangaraho zuwa manyan garuruwan Arewa, daga nan ne ma ofishin aika wasiƙa ya sami sunan gidan waya, kamar yadda tambarin da ake liƙawa ya zama kan sarki saboda hoton da ke jikinsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Jiragen sama na sojan Ingila sun sauka Kano daga Alƙahira a watan Nuwamba na 1925, a 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano. Tafiyar da take cin watanni ta koma ta kwanaki.

Sauri ba shi kaɗai ne sabon abu ba. Gidan waya ya ɗauki wani alkawari da fatake ba su taɓa iya ɗauka a rubuce ba: abin da aka karɓa, ko dai a kai shi, ko a mayar wa mai shi tare da dalili. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a Bern a 1874, ta sa ƙasashe suka amince su riƙa ɗaukar wasiƙun juna a kan ƙa’ida ɗaya. Wasiƙar rajista takan jira mai ita na wasu kwanaki, in bai zo ba a buga mata hatimi ta koma inda ta fito. Wanda ya yi zamani da akwatin gidan waya, kafin a raba tsohuwar ma’aikatar P&T a 1985 a fitar da NIPOST da NITEL, zai tuna ambulan da kan dawo da rubutu a goshi: ba a san shi ba, ya tashi, bai zo ya karɓa ba.

Lambar farko

Wannan alkawari ne injiniyoyin Amurka suka kwafa. A 1971 Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya zaɓi alamar @ ta raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. A watan Agusta na 1982 Jon Postel ya fitar da ƙa’idar da ake kira SMTP a takarda mai lamba RFC 821. An sabunta ta a 2001, aka sake a 2008 da RFC 5321, amma ƙashin bayanta yana nan yadda yake.

Ga yadda abin ke gudana. Idan ka danna aikawa, saƙonka ba ya zuwa wayar abokinka. Yana zuwa wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ke riƙe da akwatinka, mu kira ta tashar aikawa. Ita za ta dubi abin da ke bayan alamar @, ta tambayi rajistar adireshi ta intanet, wato DNS, wace tasha ce ke karɓar saƙon wannan gida. Sai ta yi sallama a can. Tashoshin biyu su gaisa, mai aikawa ta faɗi daga wa saƙon yake, ta faɗi ga wa za shi, sannan ta miƙa shi. A kowane mataki tashar karɓa tana amsawa da lamba mai gida uku, kuma lambar farko ita ce hukunci.

Idan amsa ta fara da 2, an karɓa. Daga lokacin da tashar karɓa ta ce 250, nauyi ya koma kanta: ta kai saƙon akwati ko ta sanar da cewa ta kasa. Idan amsa ta fara da 5, an ƙi, kuma maimaitawa ba za ta canza kome ba. 550 ita ce aka fi gani, galibi tana nufin babu mai wannan suna a nan. Idan kuwa ta fara da 4, ma’anarta je ka dawo: 421 tasha ba ta iya aiki yanzu, 450 akwatin ba ya samuwa a wannan lokaci, 451 wata matsala ta taso a cikin gida, 452 wuri ya cika. Haka nan idan aka yi sallama shiru, babu wanda ya amsa, ana lissafa shi a jinkiri.

Saƙon da ya sami amsar 4 ba ya ɓata. Tashar aikawa tana sa shi a layi, ta sake gwadawa. Ƙa’idar 2008 ta ba da shawarar a bar aƙalla minti 30 tsakanin gwaji da gwaji, kuma kada a haƙura sai bayan kwana 4 zuwa 5. Sendmail, tsohuwar manhajar da Eric Allman ya rubuta, takan gargaɗi mai aikawa bayan awa 4 cewa saƙonsa bai tafi ba tukuna, ta dawo masa da shi bayan kwana 5. Postfix ta Wietse Venema ita ma kwana 5 take jira idan ba a canza mata ba. Exchange ta kamfanin Microsoft kwana 2. Tun 1986 kuma aka ba kowane gida damar ambata tasha fiye da ɗaya a rajista, ta farko da ta ko-ta-kwana, domin in ɗaya ta faɗi ɗayar ta riƙe saƙo, tamkar maƙwabcin da ke karɓar sallahu idan mai gida ba ya nan.

Saboda haka takardun da kan dawo da sunan Mail Delivery Subsystem ko Mailer-Daemon ba iri ɗaya ba ne, ko da yake da yawa daga cikinmu kallo ɗaya muke yi musu mu share. Wata gargaɗi ce kawai, tana cewa ana ci gaba da ƙoƙari. Wata kuwa sanarwar ƙarshe ce. A ƙasan kowace akwai lamba, sau da yawa tare da ƙarin bayani mai ɗigo-ɗigo: 4.2.2 akwatin mai karɓa ya cika, 4.4.1 tasharsa ba ta amsa ba, 5.1.1 adireshin ba daidai ba ne, 5.7.1 an ƙi saboda wata doka ta tsaro.

Yadda imel ya shigo mana

Haƙurin da ke cikin tsarin shi ya ba imel damar shigowa Afirka ta Yamma tun kafin a sami intanet mai ɗorewa. A farkon shekarun 1990 cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM ta haɗa ofisoshinta na Yamai da Wagadugu da Bamako da Dakar da birnin Montpellier ta hanyar da ake kira UUCP. Kwamfuta takan tara saƙonnin yini, idan lokaci ya yi ta buga wayar tarho zuwa wata, ta sauke abin da ta tara, ta ɗauko abin da aka ajiye mata, ta katse. A Nijeriya, shirin RINAF na UNESCO ya kafa irin wannan mahaɗa a Kwalejin Fasaha ta Yaba a tsakiyar shekarun 1990, a 1995 kuma aka yi wa ƙasar rajistar sunanta na .ng. Imel na wancan lokaci ayari ne sosai: yana da zango, yana da ranar tashi, wanda ya aika yau kuma bai sa ran amsa kafin gobe ko jibi ba.

Zuwan wayar salula a 2001 da yaɗuwar shagunan intanet sun sa mutane sun saba da ganin saƙo ya isa cikin daƙiƙu, har aka manta cewa isa nan take sa’a ce, ba alkawari ba. Alkawarin da tsarin ya ɗauka shi ne zai ci gaba da ƙoƙari na ’yan kwanaki, in ya kasa ya faɗa.

Kwana biyar da mako guda

Waɗanda suka yanka wa’adin kwana biyar sun yi lissafi ne da duniyarsu, inda kwamfuta kan lalace ranar Juma’a da yamma a gyara ta Litinin. Namu katsewar takan wuce haka.

A watan Yuli na 2009 wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3, wadda a lokacin ita ce babbar jijiyar Nijeriya zuwa waje, ta lalace, harkokin bankuna da ofisoshi suka tsaya cik na kwanaki. Zuwan MainOne da Glo-1 a 2010 da WACS a 2012 ya rage dogaro da igiya ɗaya, amma ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse kusan lokaci guda a gaɓar Kodebuwa, gyaransu ya ɗauki makonni. A watan Mayu na 2013 an rufe layukan salula a Borno da Yobe da Adamawa saboda yaƙi da Boko Haram. A watan Satumba na 2021 an rufe su a Zamfara, daga baya a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ƙarshen Oktoba na 2024 kuwa, bayan lalata layin lantarkin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar na Ugwuaji zuwa Apir, yawancin Arewa ta kwana fiye da mako guda a duhu, a lokacin da litar man dizal ta haura naira 1,000.

A nan akwai abin lura da ba kowa ya sani ba. Mutumin Gusau mai akwatin Gmail ko Yahoo bai rasa saƙo ko ɗaya ba saboda rufe layin 2021. Tashar da ke karɓar masa tana wata ƙasa, ta amsa 250, ta ajiye. Shi ne bai iya zuwa ya ɗauka ba, ranar da layi ya dawo ya tarar da kayansa. Wanda ke cikin haɗari shi ne ofishi ko makaranta ko kamfanin da ya ajiye tasharsa a wani ɗaki cikin harabarsa, tana dogaro da wutar gari da janareto, ba ta da ta ko-ta-kwana a wani wuri. Idan ta mutu yini ɗaya, saƙonni suna layi a tashoshin duniya, za su shigo da zarar ta farfaɗo. Idan ta kai mako, wa’adi ya cika, an mayar wa kowa nasa. Mai ofishin kuma ba zai taɓa sanin me ya rasa ba, domin sanarwar gazawa wurin mai aikawa take zuwa. Haka nan idan aka yi sakaci kuɗin sabunta sunan gida ya ƙare: rajista ta daina nuna hanya, duniya ta ɗauka gidan ya tashi.

Wake ɗaya

Postel ya tsara ƙa’idarsa ne domin jama’a ƙalilan da suka san juna, don haka babu inda aka ce mai aikawa ya tabbatar da ko shi wane ne. Kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a goshin saƙo. Tallan farko da aka watsa wa mutane ba da izininsu ba ya fita ne tun 1978, zuwa ƙarshen shekarun 1990 kuwa tarkacen saƙo ya zama annoba. Sai aka fara tara baƙin jeri na tashoshin da ba a yarda da su ba: Paul Vixie ya soma nasa a 1997, ƙungiyar Spamhaus ta biyo a 1998.

Nijeriya ta shiga wannan tarihi ta mummunar ƙofa. Wasiƙun damfara da suka fara da ambulan da na’urar faks a shekarun 1980 sun koma imel, har lambar sashe na 419 na kundin laifuffuka ta zama sunan da duniya ta san sana’ar da shi. Dokar yaƙi da damfara ta 1995 da kafa EFCC a 2003 sun zo bayan suna ya riga ya ɓaci. Masu kula da tashoshi da yawa a waje suka zaɓi hanya mai sauƙi, suka riƙa zargin duk abin da ya fito daga adireshin intanet na ƙasar nan. Malamin jami’a mai aika maƙala da ɗan kasuwar fata mai neman abokin ciniki suka biya bashin da ba su ci ba.

Yaƙi da tarkace ya canza ma’anar lambobin nan ta hanya biyu. Ta farko, amsar je ka dawo ta zama jarrabawa. A 2003 Evan Harris ya bayyana wata dabara: idan baƙuwar tasha ta yi sallama karo na farko, a ce mata ta dawo an jima ko da babu matsalar kome. Tasha ta gaskiya za ta sa saƙo a layi ta dawo, manhajar ’yan damfara mai harbi ta wuce galibi ba ta dawowa. Manyan kamfanoni kuma kan yi amfani da amsar 4 su rage wa tashar da ta cika aiko saƙo gudu. A watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika saƙo da yawa, a wurin Google daga 5,000 a rana, su kafa shaidu uku a rajistarsu: SPF mai faɗin tashoshin da aka yarda su aika da sunan gida, DKIM mai buga hatimi a jikin saƙo, da DMARC mai faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi jarrabawa. Google ya fara da ba masu saɓawa amsar jinkiri, daga baya ya koma ƙi.

Ta biyu ta fi muni. An sami sakamako na uku da babu shi a tsarin asali: a karɓi saƙo da 250, sannan a jefa shi akwatin Spam, ko a share shi ba tare da sanar da kowa ba. Akwai dalili. Tun da ’yan damfara kan ari sunan wasu, mayar da sanarwa yana nufin cika akwatin wanda bai ji ba bai gani ba. Amma sakamakon shi ne tsohon alkawarin gidan waya ya sami ɓaraka. Mai aikawa na ganin ya kai, mai karɓa na ganin ba a aiko ba, kowa yana zargin ɗan’uwansa.

Akwatin da ya cika

Wudil wuri ne da ya dace a auna nauyin wannan magana. A nan Jami’ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano take, wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. A nan kuma makarantar horar da manyan jami’an ’yan sanda take, wadda matasa daga kowace jiha ke neman shiga ta intanet. Malami yana jiran hukuncin mujallar da ya aika wa bincikensa, ɗalibi yana jiran gayyatar tantancewa ko amsar tallafin karatu, wanda ya gama yana jiran kiran ganawar neman aiki mai wa’adin kwana uku. Matashin da ke zaune a Ɗankaza ko wani ƙauyen ƙaramar hukumar ba shi da ɗan’uwa a ofishin da zai leƙa ya tambaya masa. Imel ɗin nan shi ne ƙofarsa.

Abubuwa uku suka fi rufe wannan ƙofa, kuma babu igiyar teku a cikinsu. Na farko kuskuren harafi. Adireshin da aka karanta wa mai shago da baki, ya rubuta Abdullahi a inda mai shi ya rubuta Abdulahi, zai sami 550 ko ya faɗa akwatin wani. Na biyu, akwatin da mai shagon intanet ya buɗe wa yaro ranar rajistar JAMB, yaron bai riƙe kalmar sirri ba, lambar wayar da aka ɗaura ma ba tasa ba ce. Saƙonni suna isa lafiya, babu mai buɗewa. Na uku cikar wuri. Google na ba kowa gigabayit 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke rabawa. Daga 1 ga Yuni 2021 hotuna suka fara cin wannan wuri, daga farkon 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga lissafi. Wanda ke cikin zauruka goma masu yawo da bidiyon wa’azi da na biki zai iya cika akwatinsa bai sani ba. Daga ranar, duk mai aiko masa saƙo amsar wuri ya cika yake samu, har wa’adi ya ƙare a mayar masa.

Akwai kuma inda haƙurin tsarin kansa ya zama cikas. Lambar tabbatarwa da banki ko shafin rajista ke aikowa takan mutu cikin ’yan mintoci. Idan tashar karɓa ta ce a dawo an jima, lambar za ta iso gawa. Mai jira kuwa yakan yi ta danna a sake aikowa, alhali a tsare-tsare da yawa kowace sabuwar lamba tana kashe ta baya, yawan aikawar kuma na iya sa a ƙara jinkirta shi.

Abin da ya rage gare mu

Ga mai aikawa, aikin farko shi ne ya karanta takardar da ta dawo har ƙasa. Idan lambar ta fara da 4, saƙon yana layi, sake aikawa ƙara cunkoso ne kawai. Abin da ya dace shi ne a kira mai karɓa a gaya masa akwatinsa ya cika ko tasharsu ba ta amsawa, tun akwai sauran kwanaki. Idan ta fara da 5, jira ɓata lokaci ne: a duba haruffan adireshi, a rage nauyin abin da aka liƙa tun da Gmail ba ya aika abin da ya wuce megabayit 25, ko a nemi wata hanya. Idan kuwa babu abin da ya dawo, babu amsa kuma, maganar tana da wa’adi, to dabarar ’yan kasuwar Sahara tana nan da amfaninta: a bi saƙo da wani saƙo ta wata hanya, a ce na aiko maka kaza ranar kaza.

Ga mai jira, ya riƙa leƙa akwatin Spam, ya san adadin wurin da ya rage masa, ya tabbata lambar wayar da ke ɗaure da akwatinsa tasa ce. Iyaye da malaman sakandare za su yi wa yara babban gata idan suka sa kowane ɗalibi ya buɗe akwatinsa da hannunsa kafin ranar rajista.

Nauyi mafi girma yana kan hukumomi. Duk ma’aikatar da ke gayyatar mutane ta imel ta sani cewa sanarwar gazawa wurinta take komawa, galibi cikin wani akwati da aka rubuta kada a ba shi amsa, wanda babu mai buɗewa. A cikinsa akwai sunayen waɗanda gayyata ba ta same su ba, da dalilin kowane. Sa ma’aikaci ɗaya ya duba shi, ya bi masu lambar 4 da saƙon waya, ba ya bukatar kasafin kuɗi. Haka nan ajiye tasha ta biyu a wani gari, da biyan kuɗin sunan gida kafin ya ƙare, da kafa shaidun nan uku. Wa’adin da bai kai kwanakin da tsarin imel kansa ya ware wa jinkiri ba kuwa, zalunci ne ga mutumin karkara, ko da ba a yi niyya ba.

Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma ya yi gaskiya a zamanin da ake iya zuwa. Yau mujallar tana Landan, hukumar tana Abuja, shafin rajistar ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Saƙon ne kaɗai ke zuwa a madadinmu, don haka ya zama tilas mu san lokacin da aka ce masa ya dawo an jima da lokacin da aka sallame shi.